Kenny Burrell: Makaɗin jitar da ya shigar da jazz ajin jami'a

Lokacin da Duke Ellington ya rasu a watan Mayun 1974, ya bar kaɗe-kaɗe fiye da dubu da ya tsara, amma manyan makarantun kiɗa na Amurka ba su cika ɗaukar aikinsa a matsayin abin nazari ba. A wurinsu, kiɗan da ya cancanci aji shi ne na Turai. Shekara huɗu bayan rasuwar, wani makaɗin jita mai suna Kenny Burrell ya buɗe darasi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wato UCLA, ya sa masa suna Ellingtonia. Ana ɗaukar darasin a matsayin na farko da wata jami'ar Amurka ta ware dindindin ga Ellington.

An haifi Burrell ranar 31 ga Yulin 1931 a Detroit, birnin masana'antun mota, inda baƙaƙen fata da yawa daga kudancin ƙasar suka yi ƙaura don neman aiki. Ya fara kaɗa jita yana ɗan shekara 12, yana sauraron faya-fayan Charlie Christian, wanda ya nuna wa duniya cewa jitar lantarki za ta iya jan ragamar kiɗa kamar kowane abin busa. A 1951, yana ɗalibi, ya yi ɗaukar faifai tare da Dizzy Gillespie, kuma John Coltrane na cikin waɗanda suka yi busa a zaman. Duk da wannan dama, bai ajiye karatu ba. Sai da ya kammala digirinsa na kiɗa a Jami'ar Wayne a 1955, sannan ya bi ƙungiyar Oscar Peterson yawon wasa, ya kuma koma New York a 1956.

A can ya zama wanda ake rububin gayyata. Ya kaɗa wa Billie Holiday da Benny Goodman da Jimmy Smith, sunansa ya fito a ɗaruruwan faya-fayai. Abin da ya sa ake nemansa shi ne natsuwa: ba ya cika wuri da sauti, yana barin sarari ga mawaƙi ko mai busa, kuma ko ina ya kewaya sai ya dawo ga blues, kiɗan baƙaƙen fatan kudu da jazz ya tsiro daga cikinsa. Wannan hali ya fi bayyana a faifan Midnight Blue na kamfanin Blue Note, wanda aka ɗauka a Janairun 1963. Babu fiyano a cikinsa. Jita ce ta ɗauki nauyin da fiyano ya saba ɗauka, Stanley Turrentine yana busa saksofon, Ray Barretto yana buga gangar konga. Kiɗan da ya buɗe faifan, Chitlins con Carne, ya kai ga makaɗan wani zamani, har Stevie Ray Vaughan ya sake kaɗa shi.

Tsarar Burrell a gidajen rawa ta koyi sana'a. Yaro yakan zauna kusa da manya, ya saurara, ya gwada, a gyara masa. Sai dai wannan makaranta ba ta da rajista ko ɗakin ajiye littattafai. Unguwannin Black Bottom da Paradise Valley, cibiyar rayuwar baƙaƙen fata a Detroit, an rushe su a shekarun 1950 da 1960 don sabunta birni da shimfiɗa babban titi. Gidajen kiɗa suka yi ta rufewa, matasa suka karkata ga sababbin salo, dattawan sana'ar kuma suna ta ƙarewa da abin da ke kansu.

Burrell ya fara da faifan girmamawa, Ellington Is Forever, a 1975, sannan ya ɗauki alli. A 1996 aka naɗa shi shugaban sashen nazarin jazz na UCLA. Akwai masu ganin cewa aji na kashe ruhin wannan kiɗa, domin yana yaye ɗalibai masu ƙwarewar yatsu amma sautinsu iri ɗaya. Burrell ya bi wata hanya: ya ci gaba da hawa dandamali yana koyarwa, yana kuma matsa wa kowane ɗalibi ya nemo muryar kansa. Cikin waɗanda suka bi ta sashen akwai mai busa saksofon Kamasi Washington da mawaƙiya Gretchen Parlato, waɗanda salonsu bai yi kama da juna ba, bai kuma yi kama da na malaminsu ba.

A 2005 hukumar bunƙasa fasaha ta gwamnatin tarayyar Amurka ta ba shi lambar Jazz Master, mafi girman karramawar da ƙasar ke yi wa makaɗin jazz. A lokacin ya haura shekara 70, kuma bai daina shiga aji ba.