Korona da Karatun Yara a Zangon Lome

Zangon Lome unguwa ce ta 'yan kasuwa Musulmi, kuma Hausa ce harshen hulɗarta. A 1977 hukuma ta rushe tsohon zangon da ke tsakiyar birni, ta mai da mutanensa arewa da gari, wajen Agoè.

Ranar 6 ga Maris 2020 aka sami mutum na farko mai cutar korona a Togo. Bayan mako biyu gwamnati ta rufe makarantu da masallatai da majami'u. A farkon Afrilu shugaba Faure Gnassingbé ya kafa dokar ta-ɓaci, aka hana fita da dare. Kafofin labarai na Hausa sun kira irin wannan doka “kulle”, kalmar da a da matan aure kaɗai ta shafa.

An yi ta muhawara. Masu goyon baya suka ce rai ya fi karatu, kuma ai ana iya koyarwa ta intanet, kamar yadda Jami'ar Lome ta gwada. Amma yaro a zango makaranta biyu gare shi: ta boko, inda ake koyarwa da Faransanci, da kuma ta allo. Ta boko ma sai da waya da kuɗin data, ga shi a gidaje da yawa wayar tana aljihun maigida, maigida kuwa yana kasuwa. Ta allo ta fi wuya, domin sai malam ya ji bakin almajiri, ya gyara masa, kafin ya ce ya wanke allonsa.

A watan Yuni masu jarrabawa suka koma aji. Sauran yara sai Nuwamba.