Idan Wutar Ɗaki Ta Mutu Da Dare Cikin Hunturu

Ya kai mai gida, ka san yadda ɗari ya ke a Kurya Madaro cikin watan Disamba da na Janairu, sa'ad da iska ta kan buso daga arewa maso gabas har ruwan alwala ya gagari hannu. A kan zuba garwashi cikin kasko, ko a hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa na tsohuwa. To, tsakar dare wuta ta mutu, yara suna makyarkyata. Me za ka yi?

Yawancin mutane su kan tula sabon gawayi, su toshe taga da tsumma, su ja ƙyaure, su koma barci. Kada ka yi haka. Gawayin da ke ci a hankali cikin rufaffen ɗaki yana fid da wata iska mai dafi, likitoci suna ce da ita kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari kamar hayaƙi. Jan garwashi ma, wanda ka ke gani tas, yana fid da ita. In ta shiga huhu sai ta kama jini, ta hana shi ɗaukar iskar kirki wadda jiki ke rayuwa da ita, gama ƙarfin kamunta ya fi na iskar kirkin sau 200. Mai barci ba ya jin kome. Jariri da mai ciki da tsoho su ta kan fara kayarwa.

Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da amai, da mutuwar jiki. In mutanen ɗaki guda sun tashi da waɗannan gaba ɗaya, kada a tsaya zargin tuwon jiya ko iskoki, balle a yi musu turare, abin da na fi ƙi ke nan. A buɗe ƙofa, a fid da su waje nan da nan. Wanda ya suma a kwantar da shi a kan gefensa, kada a ɗura masa nono ko manja, domin zai shaƙe. A kai su Babban Asibitin Ƙauran Namoda ko da sun farfaɗo.

Saboda haka in wuta ta mutu, bar ta. Fid da kaskon tsakar gida. Ƙara tabarma ko buhu ƙarƙashin yara, domin ƙasa ita ke tsotse ɗumin jiki. A sa musu hula da safa, su kwanta kusa da juna cikin bargo guda. Jariri kuwa a sa masa riga biyu, a kwantar da shi kusa da uwarsa, kada a rufe masa fuska.

Gobe ka ɗumama ɗakin tun da magariba, taga a buɗe, ka fid da kaskon kafin a kwanta. Kada ka hura wuta da fetur ko kananzir. Mai janareto kuma ya ajiye shi waje, nesa da taga, gama shi ma wannan dafin ya ke fitarwa.