Ciwon Ɓarin Kai Ba Aikin Iska Ba Ne

Na gaji da jin ana cewa wance aljanu ne suka shige ta, don kawai tana ganin walƙiya a idonta kafin kai ya fara sara mata. Nan da nan sai a turnuƙe ɗaki da hayaƙin tazargade, mata su cika ɗakin ana ta jajantawa. Haba jama'a! Wari da hayaniya ai su ne ke ƙara hura wutar ciwon ɓarin kai.

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta, galibi yana sara gefe ɗaya, da tashin zuciya, yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Walƙiyar da ake tsoro, ko dishi-dishin gani, ko ɗaurewar harshe, wani sauyi ne da ke ratsa ƙwaƙwalwa a hankali, galibi ba ya wuce awa guda. In aljani ne, me ya sa yake jiran kwanakin al'ada? Me ya sa yake bin uwa da 'yarta? Amsar tana cikin jiki: ana gadonsa, kuma saukar sinadarin estrojin gab da al'ada na tayar da shi. Shi ya sa mata suka ninka maza kusan sau 3. Yunwa, ƙishirwa, rashin barci da damuwa su ma suna tsokano shi.

Da kin ji alama, 'yar'uwa, ki sha ruwa, ki sha farasitamol ko ibufurofen tun ciwon bai kankama ba, ki kwanta a ɗaki mai duhu da tsumma mai sanyi a goshi. Mai gyambon ciki da mai juna biyu su bar ibufurofen sai da izinin likita. Amma kar a mayar da kyamis gida. Wanda ke haɗiyar ƙwayar ciwon kai kwana 15 a wata, maganin da kansa zai iya komawa haddasa masa ciwon. Tiramadol kuwa kar a ma fara. In ciwon ya yawaita, likita na da magungunan riga-kafi irin su furofuranolol da amitiriftilin. Ki riƙa rubuta ranar da ya zo da abin da kika ci, a azumi kuma kar ki tsallake sahur.

Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, ko mutuwar ɓarin jiki, ko ya kama mai ciki da kumburin ƙafa, wannan asibiti za a nufa a take, ko da tsakar dare ne.