Abin Da Ke Sa Mota Ta Rasa Ƙarfi A Babbar Hanya

Akwai wata cuta ta mota wadda ba ta bayyana a cikin gari. Mota za ta tashi da safe lafiya lau, ta yini tana kai da kawowa ba wani abin zargi. Amma ran da aka hau babbar hanya, gudu ya kai kilomita 90 ko 100, sai ta fara shaƙewa tana fizga. Direba ya taka totur har ƙasa, ita kuwa sai ƙara sanyi take yi. In wannan ya faru sa'ad da ake wuce tirela, ga wata mota ta doso gaba da gaba, to, rayuka ne a kan siraɗi.

Dalilin da ya sa cutar ke ɓuya a gari shi ne, aikin inji a can kaɗan ne. Mota mai gudu tana ture iskar da ke gabanta, in kuwa aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ake bukata don ture iskar nan yakan ninku sau takwas. Saboda haka inji yana neman mai da iska masu yawa, da wuta mai ƙarfi, da hanyar fitar hayaƙi a buɗe. Kowanne ya gaza, babbar hanya ce ke tona asirinsa.

Wajen mai ya kamata a fara dubawa. Tsakanin tanki da inji akwai matata, wadda makanikai ke kira filta. Datti da tsatsa da ruwa suna taruwa a cikinta a hankali, har ya zama abin da ke wucewa ya isa tafiyar gari, amma bai isa gudu ba. Alamarta ita ce mota ta yi ta fizga a kan hawa, in an sassauta ƙafa kuma ta dawo daidai. Famfon mai da ya gaji shi ma haka yake yi. A yawancin motocin yanzu famfon nan a cikin tanki yake, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi, don haka mai al'adar yawo da tanki kusan wayam yana rage masa kwana. Ba a canza famfo da ka. Akwai agogon da ake auna ƙarfin turawarsa da shi, lalle a nemi makanike ya auna tukuna. Man kansa ma abin tuhuma ne, musamman na 'yan bumburutu da ake sayarwa a galan a bakin hanya. Ko gidan mai bai tsira ba: a farkon shekarar 2022 an shigo da fetur Nijeriya mai sinadarin metanol fiye da kima, ya ɓata motocin mutane.

Sa'an nan iska. Injin fetur yana bukatar wajen kilo 15 na iska don ƙona kilo 1 na mai. Duk iskar nan ta cikin matatar iska take bi, a ƙasar da ake hunturu da hazo kuwa ba ta daɗewa take cika da ƙura. Wannan dubawa ba ta bukatar makanike. A buɗe akwatinta, a ɗaga ta wajen hasken rana. In haske bai ratsa ta ba, a sake sabuwa. Cire ta a yar, kamar yadda waɗansu ke yi, wauta ce, gama ƙura za ta shiga ta cinye inji daga ciki. Amma fa kada a zargi mota a kan hanyar Jos. Garin yana bisa tudu na wajen mita 1,200, iskar can ba ta da kauri, inji marar turbo yakan rasa kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Motar da ta yi nishi a Hawan Kibo mai yiwuwa ne lafiyarta ƙalau.

Filogi da ya cinye, ko kwayil mai rauni, sukan kasa ba da wuta in aiki ya yi nauyi, inji ya riƙa kakkarwa. Fetur ɗin da bai ƙone ba sai ya gangara salansa, inda akwai wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma wanda ke tace hayaƙi, makanikai suna kiransa indomi. Can zai ƙone, ya narkar da shi, ya toshe hanya. Motar da wannan ya same ta takan tashi daidai, amma tana ɗumama tana ƙara mutuwa. Shi ya sa in fitilar nan mai siffar inji tana ƙiftawa a gaban direba, bai kamata a ci gaba da gudu ba.

Wani lokaci kuma inji ba shi da laifi. In ƙararsa tana hauhawa amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke sulɓewa, galibi har da ƙauri. In ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya, birki ne ya kama.

Motocin da aka ƙera don Amurka tun 1996, da na fetur na Turai tun 2001, suna da wata kafa ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike, ta faɗi wurin da kwamfutar mota ta ga kuskure. Kwamfutar nan da kanta takan rage ƙarfin inji da gangan don ta kare shi. Na'urar tana nuna inda za a duba ne kawai, ba ta ce a sayi sabon abu ba. Sau da yawa waya ce ta saki.

Wanda abin ya same shi a hanya, ya kunna sigina, ya sauka gefe sarai, ya ajiye alamar nan mai kusurwa uku nesa a bayan mota. In dole ne a ƙarasa zuwa gari, a tafi sannu, kada a yi yunƙurin wuce kowa sai an gyara.