Cutar HPV: Maza Ma Tana Kama Su

Tun shekarar 2023 ake ta maganar allurar rigakafin HPV. Ma'aikatan lafiya sun shiga makarantu da ƙauyuka suna yi wa 'yan mata. Wannan ya sa maza da yawa a ƙasar Zuru suna zaton cutar mata ce kawai. Ba haka ba ne. Namiji yana kamuwa, yana wahala da ita, kuma yana iya kai ta gidansa.

Mece ce HPV?

HPV ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta. Iri-irinta sun fi 200. Wasu suna kawo tsiro a hannu ko ƙafa. Wasu kuwa a al'aura suke zama. Waɗannan ana ɗaukarsu ta hanyar saduwa, idan fata ta taɓa fata. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba kuma aikin iska ba ne.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana sakamakon wani babban bincike. An gano cewa a duniya, kusan namiji 1 cikin 3 da ya wuce shekara 15 yana ɗauke da ita a al'aurarsa. Kusan 1 cikin 5 kuma yana ɗauke da irin da ke iya jawo ciwon daji.

Yawancin masu ita ba su sani ba, domin ba sa jin komai. Cikin ikon Allah, jiki yakan kashe ta da kansa. Cikin mutum 10 da suka kamu, wajen 9 sukan rabu da ita cikin shekara 2. Matsalar tana ga wanda ta zauna a jikinsa.

Abin da take yi wa namiji

Na farko shi ne tsiro a al'aura. Iri na 6 da na 11 su ne suka fi kawo shi. Tsiron yakan fito a kan azzakari, ko a fatar maraina, ko a matsematsi, ko a bakin dubura. Wani ƙarami ne kamar ƙwayar gero. Wani kuma yakan taru cunkus. Sau da yawa ba ya zafi, amma yana iya ƙaiƙayi ko zubar da jini. Yakan fito bayan makonni ko watanni da kamuwa.

Na biyu shi ne ciwon daji, wato sankara. Iri na 16 da na 18 su ne suka fi haɗari. Ga namiji suna iya kawo sankarar azzakari, ko ta dubura, ko ta maƙogwaro. Ba kowa take kaiwa ga haka ba, kuma takan ɗauki shekaru masu yawa. Haɗarin ya fi yawa ga mai shan taba da mai cutar ƙanjamau.

Alamun da ba a wasa da su

1. Gyambo ko tsiro a azzakari wanda ya ƙi warkewa.
2. Jini ko ciwo ko ƙullutu a dubura. Kada a ce basir ne kawai.
3. Ciwon maƙogwaro ko dushewar murya da ya wuce mako 3.
4. Wahalar haɗiya, ko ƙullutu a wuya.

Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ya tafi asibiti. Mutumin Dabai ko Mahuta ko Ribah ko Dirin Daji ya fara da asibitin da ke kusa da shi, ko Babban Asibitin Zuru. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Sankarar da aka gano da wuri ta fi sauƙin magani.

Kada ka yanke tsiron da reza. Kada ka ɗaure shi da zare, ko ka zuba masa ruwan batir. Kafso na kemis ba ya kashe wannan ƙwaya. A asibiti ana shafa magani, ko a ƙona tsiron, ko a cire shi. Yana iya dawowa, don haka a koma idan likita ya ce a koma.

Maigida, ka tuna da iyalinka

Namiji yana iya ba matarsa cutar bai sani ba. Mai mata 2 ko 3 yana iya ba su duka. A jikin mace tana jawo sankarar bakin mahaifa. A shekarar 2020, mata kusan 12,000 suka kamu da wannan sankara a Nijeriya, kusan 8,000 suka rasu. Amma kada a zargi kowa. Ƙwayar tana iya ɓuya shekaru, ba a sanin daga wa ta fara.

Yadda za a kare kai

Ka tsaya ga iyalinka, ko kana gida ko ka tafi cin rani. Kwaroron roba yana rage haɗari, amma ba ya rufe duk fata. Kaciya ma tana ragewa, amma ba ta hanawa gaba ɗaya. Ka daina shan taba. Ka bar matarka ta je gwajin bakin mahaifa.

A watan Oktoba na 2023 gwamnatin tarayya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta. Sau ɗaya ake yin ta. Ba ta hana haihuwa. A wasu ƙasashe kamar Ingila da Ostireliya har yara maza ake yi wa.

Jama'a, kunya ba ta warkar da ciwo. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da abokan ajinsa. Rigakafi ya fi magani.