Filin Jirgi Na Kusa, Amma Jirgi Ba Ya Jira

A shirin wannan mako mun tattauna kan tashi daga filin jirgin saman Thomas Sankara na Wagadugu, ga kuma taƙaitaccen bayani.

Duk mazaunin Kuluba ya san ƙarar jirgi, don filin yana cikin gari ne, dab da unguwar. Ana gina sabo a Donsin, kimanin kilomita 35 daga birni, amma wanda muka saba da shi ɗan ƙarami ne. To, kusancin nan shi ke yaudarar mutum. Sai ka ce bari in gama shan shayi, ai ga filin can. A tasha direba kan jira mota ta cika, ko yaron mota ya kira ka a waya. Nan kuwa ana rufe wurin awon kaya tun kafin lokacin tashi, in an rufe kuwa, magiya ba ta buɗewa, kuɗin tikiti na iya salwanta. Saboda haka ka isa da awa uku a hannu.

Takardu uku ka riƙe a aljihu, kada ka tura su cikin akwati: fasfo, tikiti da katin rigakafin shawara. Tun 29 ga Janairun 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka fice daga CEDEAO, aka fito da fasfon AES. Tsohon fasfo yana aiki har wa'adinsa ya cika, don haka duba ranar tun a gida.

Bayan awon kaya sai teburin 'yan sanda su buga hatimi, sannan na'urar bincike. Ɗan uwa makiyayi, wuƙarka da sandarka ba sa shiga jirgi a hannu, ka sa su cikin kayan awo. Hajiya mai turare, kwalbar da ta wuce mililita 100 ita ma can za ta. Batirin cajin waya kuwa a hannu ake riƙe shi. Nauyin kaya yana rubuce a tikiti, abin da ya haura sai ka biya. In kana ɗauke da kuɗi masu yawa, ka sanar da jami'an duwan da bakinka kafin su gano.

Babban gargaɗi: kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko na maƙwabci ne. Abin da aka samu a jakarka, kai za ka amsa.

Sannan agogo. Yamai da Kano sun riga Wagadugu da awa ɗaya, lokacin sauka da ke kan tikiti kuwa na garin da za ka ne. Ka faɗa wa mai tarbarka haka.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.