Neman ɗa namiji da tazarar haihuwa a ƙasar Indiya

A Indiya, cikin gidaje da yawa na mabiya addinin Hindu, an fi son ɗa namiji. Shi ne mai gadon gona, shi ke riƙe iyaye in sun tsufa, shi kuma ke kunna wutar ƙona gawar mahaifinsa. 'Ya mace kuwa, iyayenta ne ke biyan dukiya mai yawa ga gidan ango, ko da yake doka ta hana wannan tun 1961.

A dā, macen da ta haifi 'ya mace takan yaye ta da wuri don ta sake ɗaukar ciki, ko za a dace da namiji. Haihuwa ta yi yawa, tazara ta yi kaɗan, uwa da jaririya duka su sha wahala.

Daga wajen 1980 na'urar hoton ciki ta bazu, mutane kuma suka fara son 'ya'ya biyu ko uku kawai. Wajen wata na huɗu hoto yakan nuna jinsi. In mace ce, waɗansu sukan zubar da cikin, su sake gwadawa. An fi yin haka a ciki na biyu ko na uku, in ba namiji a gidan. Gwamnati ta hana faɗin jinsin ɗan tayi a 1994. Duk da haka, ƙidayar 2011 ta sami yara mata 834 kacal a kan kowane maza 1,000 a jihar Hariyana.

Ku lura da wannan: kowane cikin da aka zubar yana ƙara watanni tsakanin haihuwa da haihuwa. Mai kallo daga waje zai ce matar ta huta. Ina hutu? Ta yi laulayi, ta zubar da jini, ta sake yin laulayi.

Mu ma mun san matar da ake matsa wa ta yi kwanika don neman namiji. Maigida, ka sani daga irinka ne jinsin yaro ke fitowa, uwa ba ta da hannu a ciki. Ko mace aka haifa ko namiji, a ba da nono shekara biyu, a jira wata 24 kafin wani ciki. Bayan ɓari, a jira wata 6. Ku zo awon ciki tare.